Sai Hadari Ya Haɗu Take Ɗaukar Wayata

Shekarun baya, ina karatun digiri na biyu a Samaru, na yi wani aiki da har gobe in na ba da labarinsa sai a dube ni kamar na fara zarewa. Ruwan sama nake aunawa da ƙarfen sabis. Ƙarfen nan dai na kamfanonin waya da ke tsaye a unguwanninku, wanda in magana ta katse kuke ɗaga kai ku harare shi.

In kun lura, a jikinsa akwai wasu fararen abubuwa masu kama da ganga, kowacce ta juya fuska tana kallon 'yar'uwarta da ke maƙale a wani ƙarfen can nesa. Ta tsakaninsu maganarku ke bi a cikin iska, a kan wata sigina da ake ce wa maikirowef. To ita siginar nan ba ta shiri da ruwa. Da ruwa ya sauka a tsakanin ƙarafen biyu sai ƙarfinta ya ragu, kuma gwargwadon yawan ruwan gwargwadon raguwar. Malamina ya nemo mana izinin wani kamfani, aka jona mana yadda za mu riƙa ganin ƙarfinta a kwamfuta. Layin da ya faɗo hannuna ya taso daga Samaru ya ratsa ta saman Hanwa. Ina zaune a ɗakin bincike, ko taga ban leƙa ba, in na ga zanen da ke fuskar kwamfuta ya yi ƙasa na san ana tafka ruwa a can. Burin malamina shi ne wata rana a riƙa yi wa gari sukutum gargaɗin ambaliya da wannan dabara. Ni kuwa, in gaya muku gaskiya, burina bai wuce gida ɗaya ba.

Gidanmu yana Muchia, a Sabon Gari, can gangare, bayansa jingine da wata babbar kwata da ke kwaso ruwa daga tudu. Mutanen layinmu sun san wani abu da baƙo ba ya yarda da shi sai ya gani da idonsa. Hadari zai taso daga gabas baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya, a kama awaki, sai ya yi ta rugumniya ya wuce ta kanmu ko ɗigo bai bari ba. Rana ta sake buɗewa, kowa ya koma harkarsa. Ashe can ya je ya juye kayansa a wajen Hanwa. Ba za a daɗe ba sai ka ji kwata ta fara gurnani, ruwan da ya wuce ta sama ya dawo ta ƙasa, ja wur, da leda da karare da mushen kaji. Ya taɓa shiga ɗakin mahaifiyata har ya jiƙa katifa. Ɗakinta ne ya fi kowanne kwari a gidan, tsohon ginin ƙasa da aka shafa wa siminti, ga ta da ciwon gwiwa, ko tashi za ta yi sai ta dafa bango. Mahaifinmu ya rasu tun ina sakandare, ƙannena maza kowa ya kama gabansa, daga ita sai ƙanwata autarmu a gidan.

Za ku ce ai abin ya zo da sauƙi. In ga zane ya faɗi, in ɗaga waya in kira ta, shi ke nan. To nan fa matsalar take, domin mahaifiyata ba ta ɗaukar wayata.

Ni ɗan fari ne, ita kuma ta ɗauki kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, ta riƙe ta gam. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni wurin kakata a Samaru, can na tashi. Ba ta taɓa kama sunana ba. In magana ta biyo ta kaina sai ta ce "mutumin Samaru". In na je gida na durƙusa na gaishe ta, sai ta kau da kai ta amsa wa tukunya. Ina zaune a gabanta, tsakaninmu bai wuce faɗin tabarma ba, za ta dubi ƙanwata ta ce, "Ki ce masa ga tuwo nan." Ita kuma ƙanwata, don iya shege, sai ta juyo ta gyara murya ta ce, "Yaya, wai an ce a gaya maka ga tuwo nan." In ba kowa a gidan, kaji take gaya wa. Na taɓa ji da kunnena tana ce wa wata kaza mai 'ya'ya, "Mutum duk ya bi ya rame kamar ba ya cin abinci, ko karatun ne oho."

Kada ku ɗauka ƙi ne. Sana'arta ƙuli-ƙuli, kuma ba ta taɓa sauke kasko ba ta ware nawa ba, mai yaji, irin wanda nake so, alhali ban taɓa gaya mata ina son yaji ba. Kakata ta ba ni labari, lokacin da na yi wani mugun zazzaɓi ina yaro, a ƙafa ta tako daga Sabon Gari har Samaru, ta tsaya a zaure ta tambayi mai jiki, ta juya ba ta shiga ba. Na san tana so na, ban taɓa shakka ba. Amma ina kishin ƙannena, wannan ba zan ɓoye muku ba. In ta ƙwala wa ƙanwata kira tana faɗa a kan ta bar miya ta kama, har faɗan nake sha'awa.

Da muka saya mata ƙaramar waya, abu na farko da ta sa ƙanwata ta yi shi ne ta sa wa lambata kuka na daban, tunda ba ta iya karatun boko ba, kada ta ɗauka bisa kuskure. Cikin duk kukan da ke wayar nan, ƙanwata ba ta zaɓa mini komai ba sai carar zakara. In zakara ya yi cara sai ta miƙa wa wanda ke kusa. In ba kowa, ta bar shi ya yi ta yi har ya gaji don kansa.

Saboda haka muka yi tsari. In na ga zane ya yi ƙasa sai in kira ƙanwata, ita ta isar da saƙo. Su ɗora katifa a kan duro, su ɗaga buhunan gyaɗa kan tebur, su tare bakin ƙofa da buhun yashi. Muka yi haka sau da yawa a farkon damina, kuma abin yana ci. Har labari ya zo mini cewa mahaifiyata kan leƙa ta katanga ta ce wa maƙwabta, "Ku kwashe kaya, mutumin Samaru ya ce ƙarfensu ya ga ruwa." Ranar da na ji wannan, yini na yi ina tafiya kamar an ba ni sarauta.

Wata rana a tsakiyar damina, bayan azahar, muna zaune a ɗakin bincike ni da abokina muna ɓare dafaffiyar gyaɗa. Shi abokin nan nawa ɗan kudancin Kaduna ne, tebur ɗaya muke amfani da shi, kuma ya fi ni natsuwa nesa ba kusa ba. A Samaru yayyafi kawai ake yi, irin wanda ko lema ba ka buɗe masa. Sai na ga ya daina tauna.

"Mutumina, zo ka ga layinka."

Zanen bai gangara a hankali ba yadda ya saba. Faɗuwa ya yi, ya kwanta a ƙasa, ya ƙi tashi. Na ce ƙila wuta ce ta ɗauke a ƙarfen. Ya duba nan ya duba can, ya girgiza kai.

"Ba wuta ba ce, ƙarfen yana aiki. Ruwa ne wannan, kuma ban taɓa ganin irinsa ba. Kira gida, yanzu-yanzu."

Na kira ƙanwata, waya a kashe. Sai a lokacin na tuna tana ɗakin jarrabawa. Na kira matar mai walda, maƙwabciyarmu, ya yi ta shiga ba a ɗauka ba. Na yi tunanin in fita in hau acaɓa, amma hanyar ta cikin Hanwa za ta bi, ta tsakiyar ruwan, kuma ko da gudun me na tafi kwata za ta riga ni isa. Ba yadda zan yi, na danna lambar mahaifiyata.

Ina jin yana shiga, ina ganinta a raina kamar ina tsaye a bakin ƙofa. Ta idar da salla, ta kishingiɗa a kan gado a ɗakin nan na kwari, waya na gefen filo, zakara yana ta cara, ta zuba masa ido. Ya katse, na sake. Ya katse, na sake.

Abokina ya ce, "Ba ta kusa ne?"

Na ce, "Tana kusa. Ta san ni ne."

Ya dube ni, ban yi masa dogon bayani ba ya gane. Ya ce, "Kakata ma haka ta yi wa babana har ta koma ga Ubangiji." Sai ya turo mini wayarsa a kan tebur. "Tawa ba ta yin cara. Gwada."

Bugu biyu aka ɗauka.

"Salamu alaikum. Wa ke magana?"

Muryar da take yi wa baƙi ce, mai taushi, da ɗan murmushi a ciki. Na kusa shekara talatin a duniya, ban taɓa jin muryar nan ta nufo ni kai tsaye ba. Ga ruwa yana tafe, ga ni na riƙe waya na saki baki kamar wawa. Sai da abokina ya taka mini ƙafa.

"Wa alaikumus salam. Ni ne. Na Samaru."

Ina jin numfashinta. Na tabbata yatsanta yana laluben inda ake kashewa, kuma in ta kashe ba za ta ƙara ɗaukar baƙuwar lamba ba a ranar. Ban san inda dabarar ta fito ba. Na dai ji bakina yana yin abin da ita take yi mini tun ina yaro, ina magana kamar da wani can daban a ɗakin.

"Don Allah duk wanda ke kusa ya gaya wa masu gidan nan, ruwan da ya sauka a Hanwa ba irin na kullum ba ne. Kada a tsaya ɗaga katifa, kada a tsaya gyaɗa. A fita daga ɗakin nan yanzu, a hau barandar mai walda, a gaya wa mutanen layi."

Can sai na ji ta ce, kamar mai magana da bango, "Mu nan dai rana ake yi tarwai."

"A ce musu na sani. A ce musu roƙo nake yi."

"An ji," in ji ta, ta kashe.

Na fita a guje. Ɗan acaɓan da ya yarda ya ɗauke ni ya yi iya ƙoƙarinsa, amma a Hanwa ruwa ya sha kan titi, sai da muka yi ta tura mashin. Kafin in isa Muchia la'asar ta yi, layinmu ya zama rafi. Na naɗe wando na kutsa, ruwa har cinya. Na leƙa gidanmu. Bangon baya na ɗakinta, wanda ke jingine da kwata, ya zube gaba ɗaya a kan gadon. Ƙafar gadon kawai nake hangowa a cikin laka. Na tsaya a wurin, na kasa gaba na kasa baya.

Sai na ji murya daga sama. Matar mai walda ce, 'yar Kudu ce amma ta daɗe a Sabon Gari, tana ɗaga mini hannu daga barandarsu mai tudu.

"Mama, see your pikin o! Ga ɗanki nan ya zo! Kai, zo nan, Mama tana nan lafiya!"

Tana zaune a kan benci a cikin mata da yara da wani tsoho makaho na ƙarshen layi, igiyar akuyarta a hannu ɗaya, sandarta a ɗaya. Daga baya aka gaya mini da sandar nan ta bi ƙofa-ƙofa tana bugawa, da gwiwar nan tata, rana na dukan ta, wasu har suna yi mata dariya. Na hau barandar ina ɗigar ruwa. Ta dube ni sau ɗaya, tun daga kai har ƙafa, kallon da ban taɓa samu ba, sannan ta kau da kai ta ce wa matar mai walda, "Ki ce masa ya cire rigar nan ya matse, kada sanyi ya kama shi."

"Haba Mama! Gaya masa da bakinki mana, ba ga shi tsaye ba?"

Ko kallon ta ba ta yi ba, ta shiga gyara wa akuya igiya. Ni kuma na juya baya ina matse riga, na daɗe ina matsewa, don kada matan layi su ga fuskata.

Muka haɗu da ƙannena aka tada ɗakin da bulo. Ba wanda ya ƙara tada maganar wayar. Da hadari ya sake haɗuwa na kira ƙanwata kamar kullum, sai ta ce mini, da dariya a muryarta, "Yaya, an ce ka kira can, wai ni aiki ya yi mini yawa." Na ce wane can? Ta ce, "Can dai." Na danna lambar mahaifiyata. Zakara bai gama cararsa ta farko ba aka ɗauka. Ba sallama, ba gaisuwa.

"Ana ji."

Na ba da rahoto kamar mai karanta labarai a rediyo. Ruwan Hanwa na yau matsakaici ne, a ɗaga kaya amma ba sai an fita ba. Ta ce an ji, ta kashe.

Haka ƙofar ta buɗe, 'yar ƙarama, kuma da sharaɗinta, duk da ba wanda ya faɗe shi. Sai in akwai hadari. Na taɓa gwadawa wata rana gari garau, don in gani, zakara ya yi ta cara har ya gaji. Ban ƙara ba.

Amma in da hadari, kira yana tafiya, kuma a hankali ya fara tsawo. In na gama rahoto ba ta kashewa nan take. Sai ta ce wa iska, "Gyaɗa dai ta yi tsada a kasuwa bana." Ni ma in ce wa iska, "An ce sabuwa ta kusa fitowa." Wata rana ta ce, "Gwiwa ta yi sauƙi da man nan da aka aiko." Wata rana kuma, "Akuya ta haihu, biyu, ɗaya mai baƙin kunne." Rannan har ta ce, "Mutum in ya gama karatun nan ai sai ya nemi mata, ba a zama haka." Na ce a gaya wa masu gida ana kan nema. Na ji wani ɗan sauti da na rantse dariya ce ta danne.

To ku ji inda ɗan boko ya koma. Ni da aka ɗora wa auna ruwa don kare mutane, na zama mai addu'ar sigina ta faɗi. Ko yayyafi aka yi a Hanwa, zane ya ɗan rusuna kaɗan, na ɗauki waya ke nan. "A gaya wa masu gida an ɗan yi tsattsafi, ba na tashin hankali ba ne." Ta san ba na tashin hankali ba ne, na san ta sani, amma tana ɗauka. Ba na barin ɗakin bincike in sama ta yi duhu, ko abinci ake rabawa a waje. Malamina har ya kafa misali da ni a gaban sauran ɗalibai, wai a koyi naci a wurina. Abokina yana gefe yana cizon leɓe don kada dariya ta ƙwace masa.

Damina biyu muka yi a haka. Su ne damina mafi daɗi da na taɓa gani.

Daga nan abubuwa suka canja, kuma duk ta hanyar alheri. Na gama karatu, na samu aikin koyarwa a nan Samaru. Kamfanin ya binne wayarsa a ƙasa a wannan hanyar, aka sauke gangunan da ke kallon juna, layina ya ɓace daga kwamfuta. Mu kuma da ƙannena muka samar wa mahaifiyarmu gida a kan tudu, a Hanwa, inda ruwa ke sauka amma ba ya kwana. Ranar da aka kwashe kaya daga Muchia kowa murna yake. Ni na fi kowa, don na san na daina kwana da fargabar kwata.

Da hadarin farko ya haɗu bayan ƙaura, hannuna ya kai kan waya da kansa. Sai na tsaya. In ce mata me? Ba ƙarfe, ba zane, ba kwata. Na yi tunani, matar nan ta riƙe abinta tun kafin in san kaina, lalura ce ta sa ta sassauta, yanzu lalura ta kau. In na kira ba dalili, na matsa mata ke nan, ko ta ɗauka ta ji nauyi, ko ta ƙi ɗauka mu duka mu ji ciwo. Na ga girmamawa ita ce in bar ta da kunyarta. Na ajiye wayar. Duk Juma'a ina zuwa gaisuwa, in durƙusa, ta amsa wa tukunya, in karɓi ƙulina in tafi. Hadari ya yi ta haɗuwa yana watsewa, ni kuma ina zaune a ofis ina kallon taga, kewa na cin raina.

Sai da damina ta kusa ƙarewa, an fara yankan gero, ƙanwata ta raka ni bakin titi wata Juma'a. Muna tsaye muna jiran mota ta ce, "Yaya, kai fa ka daina kira."

Na ce, "Kiran me? Ai ruwa ba ya shiga gidan nan."

Ta dube ni kamar yadda ake duban yaron da ya kasa lissafi mai sauƙi. "Duk ranar da hadari ya haɗu sai ta sa na yi mata cajin waya. Ta fito baranda ta zauna, ta ɗora ta a cinya, har ruwa ya ɗauke. Shekaranjiya ma cewa ta yi in duba mata, ko zakaran nan ya lalace ne."

Na ce, "To me ya hana ta faɗa?"

"Ta faɗa wa wa? Kai?"

Daga ranar na koma kallon sama kamar manomin da ya yi shuka a makare. Gari ya bushe, rana ƙwal, ko gajimare babu. Masu girbi suna addu'ar kada ruwa ya ɓata musu amfani, ni ina bayansu ina roƙon akasin haka, Allah ya yafe mini. Har na fara cire rai. Sai wata rana da yamma gabas ta yi duhu, iska ta taso mai ƙarfi, ruwan bankwana ya sauko. Na fito barandar ofis na danna lambar.

Ko cara ɗaya ban jin ya ƙarasa.

"Ana ji."

Ba ni da rahoto, ba ni da komai. Na ce, "A gaya wa masu gida ana ruwa a Samaru."

"A nan ma ana yi."

Ina jin ruwa yana dukan kwanon gidanta ta cikin waya, ga nawa yana dukan na ofis. Ba ta kashe ba, ban kashe ba. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Can sai ta ce, a hankali, "Kana waje ne? Ina jin iska."

Na ce, "E, ina baranda."

"To ka shiga ciki mana, kada ka jiƙe. Ka ji ko?"

"Na ji."

Ni ta yi wa magana. Ba kaza, ba tukunya, ba ɗan aike a tsakani. Kuma ban shiga cikin ba. Bayan ta kashe na tsaya a wurin feshi yana dukana har rigata ta manne, masinjan ofis yana leƙe na ta taga yana mamaki.

Ba ta ga wata daminar ba. Ta rasu da bazara, kafin ruwan fari, bayan 'yar gajeruwar rashin lafiya. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Nakan ga ana muhawara a kan kunyar ɗan fari, wasu na cewa tarbiyya ce, wasu na cewa zalunci ne. Ni ba na shiga. Ban ga laifinta ba, haka ta taras ana yi, kuma a cikin abin da ta taras ɗin ta nemo mini hanya. Ban ga nawa ba, don abin da na ɗauka ladabi ne na yi. Kowa a cikinmu yana kare mutuncin ɗan'uwansa ne, har damina guda ta wuce mu a banza. Ita ce daminar da nake kewa, fiye ma da biyun da na samu. Ina jin ana ta gwada dabarar ƙarfen sabis a wasu ƙasashe, saƙon gargaɗi ya riƙa shiga wayoyin mutane da kansa, kuma ina fatan ta iso layinmu na Muchia, don har yanzu akwai masu kwana a bakin kwatar nan. Amma ni in na ɗaga kai na ga gangunan nan a jikin ƙarfe, ba ambaliya nake tunawa ba.

Na yi aure bayan rasuwarta. Da aka haifa mini 'yar fari na sa mata sunan mahaifiyata, don haka ni ma ba na iya kama sunan, Mamana nake ce mata. Dangi suna ta tsiya wai ba ni da kunya, ina saɓa 'yar fari a kafaɗa a gaban mutane. Ina jin su, ba na tankawa. Yanzu ta yi wayo, tana firamare. In hadari ya haɗu ina gida, nakan fito baranda in ƙwala kira da ƙarfi, yadda har maƙwabta za su ji.

"Mamana!"

Sai ta taho a guje. "Na'am, Baba. Mene ne?"

"Ba komai. Zo ki zauna."